Kwanon Bayan Ƙofa

Souwaiba ta gama bai wa uwar mijinta kunu, ta goge mata baki, ta tura nata kwanon bayan ƙofa. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, ɗaki ɗaya suke kwana, nan suke yini. To ina aka taɓa ganin suruka ta ci abinci gaban uwar miji? Kafin ta saci loma a tsaye, Inna ta yi kira, tuwon ya bushe.

Mijinta Lukumanu yana hanya da kamiyo, babbar motar dakon albasar Tabelot. Ƙanwarsa Aissa ce ta rantse masa, "Yaya, tafi hankali kwance. Kullum zan karɓe ta, ta ci ta huta."

Ina! Aissa sai ranar Juma'a, tana ƙamshin turare, ta zauna gaban masu dubiya tana sharar hawaye.

Ranar da Souwaiba ta yanke jiki ta faɗi bakin murhu, lokotoron asibiti ya ce tansiyonta ta sauka, wato jininta ya yi ƙasa, yunwa ce da rashin barci. Lukumanu ya dawo Agadas ransa a ɓace.

"Me ya sa kike mini haka? Aissa ta ce kullum tana zuwa, ke kike ƙin tashi don a yabe ki."

Maganar ta fi faɗuwar yi mata ciwo. Hawaye suka zubo mata.

"Ka kuma yarda, Maigida? Dubi yatsana, zobenka ma ya daina zama. Ba Aissa ce ta ci amanata ba, kai ne."

Daga kan gado Inna ta motsa harshenta mai nauyi. "Ƙarya Aissa take. Ni ma da laifina. Ina ganin kwanon, na yi shiru don kunyar da take ji na tana mini daɗi."

Lukumanu ya durƙusa. "Pardon, Souwaiba, ki yafe mini. Na bar tafiya sai kin murmure, Aissa kuma dole ta ɗauki rabonta."

Da aka kawo abinci, Inna ta kulle baki, ta ƙi cokali.

"Sa hannu mu ci tare, ɗiyata. In kin faɗi, wa zai tashe ni?"

Souwaiba ta sunkuyar da kai, ta kai loma tana kuka.

Haƙuri bai taɓa tashi a banza ba. Amma mai jinya ma mutum ne, kuma duk wanda ya bar shi da yunwa, majinyata biyu zai tarar.