Limamin Tsohon Gari

Hoto huɗu kawai aka aike ni in ɗauko: tushen wani tsohon masallaci ta gaba, ta baya, da gefe biyu. A lissafina minti ashirin zai ishe ni, in koma gida in ci tuwon Inna, da asuba in kama motar Kano.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun addinin Musulunci, an tura ni sanin makamar aiki a wata cibiya da ke adana tsofaffin rubuce-rubucen malamai a cikin birni. Kullum ƙarfe shida na safe ina cikin bas, a matse tsakanin mai buhun attaruhu da ma'aikacin banki. Aikina shi ne in goge takardun da suka girmi kakana, in ɗauki hotonsu, in sa musu lamba. Da azahar kuma ni nake jan ma'aikata salla, don shugabanmu, Dakta Imran, ya ce karatuna yana da daɗi. Yabon nan ya shiga kaina sosai. Har a cikin bas sai in kama kaina ina gyaran murya.

Ni ne ma na kawo shawarar. Na ce da Dakta me zai hana mu tattara hotunan masallatan da Dam ɗin Tiga ya cinye, tunda duk bazara in ruwa ya ja baya na tsohon garinmu yakan fito, kuma kakana ne limaminsa na ƙarshe. Na zana masa komai a takarda, taswira, shafin intanet, har da sunan littafin da za mu buga. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mujitaba, kai dai fara kawo hoto huɗu tukuna."

Ranar Lahadi na taso. Motarmu ta mutu kafin Kwanar Dangora, muka ɓata awa biyu a gefen titi, sai bayan la'asar sakaliya ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙauyenmu. Na tarar da Kawu Sha'aibu, yayan Inna, a ƙofar gida yana ɗinkin komar kamun kifi. Masunci ne. Yana da shekara tara aka tashe su daga tsohon gari, kuma shi kaɗai ya rage da ya san hanyar wurin ba tare da ya faɗa taɓo ba.

"Ustazun birni," in ji shi, "ka bari sai da safe mana."

"Kawu, gobe ƙarfe takwas ina ofis."

"Ofis." Ya kalli rana, ya kalle ni. "Kai dai ba ka zuwa sai da gaggawa, kamar mai allurar rigakafi. Ɗauko min takalmina."

Muka sauka cikin busasshen dam. Ƙasar ta tsattsage faifai-faifai, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Ko'ina ɓawon dodon koɗi ne da ƙashin kifi. Zafin ranar bai gama fita daga ƙasa ba, kuma da muka yi nisa sai warin laka ya fara tasowa, mai nauyi, irin na rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Ina ta ba Kawu labarin littafin da za mu buga. Da muka hango layin duwatsu sai ya katse ni.

"Ka ɗauki hotonka mu juya. In magariba ta same mu, kowa ya yi tasa a asirce. Ba kiran salla, ba iƙama."

"Saboda me?"

"Baba, kakanka, ya ce ba mu kaɗai muke binsa salla a nan ba. Akwai waɗansu bayin Allah, Musulmi ne su ma. Da aka zo tashinmu, mu aka ba filaye. Su ba wanda ya tashe su." Ya rage murya. "Ranar sallar ƙarshe sun gaya masa, duk wanda ya sake ja musu salla a nan har ya sallame, shi ne magajinsa. Liman kuwa ba ya barin masallacinsa."

Na yi dariya. Na tuna har da hannu na dafa kafaɗarsa.

"Haba Kawu. Salla ai tsari ce. Kuma jam'i ya fi na mutum ɗaya da daraja ashirin da bakwai."

"Na ji, Malam. Ɗauki hoton."

Abin da ya rage na masallacin duwatsun tushe ne kawai, da 'yar lanƙwasar inda liman yake tsayawa. Gaba da shi kamar taku talatin, ruwa ne shimfiɗe, ko motsi ba ya yi. Na ɗauki hoto huɗu. Na ƙara goma. Na auna tsawo da faɗi da takuna, na rubuta. Na ce bari in ɗauki ɗan bidiyo ina bayani. Ina cikin bayanin ne na lura fuskata ta yi duhu a waya.

Rana ta faɗi.

"Mu tafi," in ji Kawu.

"Kafin mu fita lokaci ya ƙure. Muna da alwala. Raka'a uku ce fa."

Gaskiyar magana, so nake in tsaya inda kakana ya tsaya. Har na ji yadda zan ba da labarin a ofis. Na shimfiɗa ɗan rawanin da ke wuyana a lanƙwasar nan, na duba alƙibla a waya, na ga tsofaffin sun ɗan kauce, na karkata hagu kamar yadda kibiyar ta nuna. Kafin Kawu ya sake magana na ta da iƙama da ƙarfi, ko takalmi ban cire ba.

Na ji ya ja dogon numfashi. Bai iya barina ni kaɗai ba. Ya zo ya tsaya a damana, kafaɗa kusa da kafaɗa, kamar yadda mamu ɗaya yake yi.

Sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa kullum a ofis.

"A daidaita sahu. A cike gurbi."

Mu biyu ne a wurin.

A bayana, ƙasa ta yi ƙaras. Ta sake. Sannan ta ɗauka gaba ɗaya, irin ƙarar ƙafafu masu yawa suna matsawa kaɗan-kaɗan.

"Mujitaba," Kawu ya raɗa. "Kada ka yi kabbara."

Na riga na ɗaga hannu. Na ce a raina iska ce. Na yi kabbara.

Ina cikin Fatiha na ga abin. Idona yana wurin sujada, sai ga wani ɗan rami ya lotsa a busasshiyar laka, dab da gefen rawanina. Siffar ƙafa ce, doguwa. Ruwa ya tsattsafo ya cika shi. Wani ya lotsa a gabansa. Daga wajen ruwa suke tahowa, suna wuce ni ta dama da hagu, suna zagayawa baya.

Ba kowa a kansu.

Kwaɗin da suka fara kuka duk suka yi shiru.

Sai na ji kafaɗar Kawu ta rabu da tawa. Ba da kansa ya matsa ba. Kowa ya san yadda ake yi: in mutum biyu suna salla wasu suka zo, sai a ja mamun baya a hankali, a kafa sahu da shi. Na ji ƙafarsa tana jan ƙasa. Ya tsaya daidai bayana.

Na kai ƙarshen Fatiha.

"Amin."

Ban taɓa jin amin irin wannan ba, ko a sallar Juma'a. Ba ta da ƙarfi. Faɗi gare ta. Ta fara daga bayan wuyana ta tafi can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa ake yin ta. Warin laka ya cika min baki.

Na karanta gajeriyar sura. Muryar nan da Dakta yake yabo ta koma kamar ta ɗan akuya.

Da na ɗago daga ruku'u, hannaye biyu suka dafa kafaɗuna. Sanyinsu ya ratsa riga. Ba su matse ni ba. A hankali suka juya ni dama, ɗan kaɗan, zuwa inda tsofaffin duwatsun suke kallo. Suka sake ni.

Na yi sujada. Rawanina ya jiƙe.

A raka'a ta biyu na daina jin tafin ƙafata. Ruwan da yake taku talatin ɗazu, yanzu ina ganin bakinsa a saman idona, yana lasar dutsen farko. Duk kabbarar da na yi, sai in ji tufafi masu nauyi suna bi, jiƙaƙƙu, suna ɗiga. A cikin duk wannan numfashin mutum ɗaya kawai nake ji. Na Kawu.

Na zauna tahiya. Na ja ta iya yadda zan iya.

Saura raka'a ɗaya.

Na yi tunanin in yanke in ruga. In ruga ina? Gabana ruwa, bayana su. Kuma wa ya san abin da suke yi wa limamin da ya watsar da su a tsakiyar salla?

Na miƙe. Raka'a ta uku a asirce ake karanta ta, don haka shirun ya dawo gaba ɗaya. Ɗis. Ɗis. Wani ya yi gyaran murya a sahun farko, irin na dattijon da ya ga liman ya daɗe.

A nan ne tsoro ya yi min abin da bai yi min ba tun ina ƙarami. Na ji ɗumi yana bin cinyata.

Alwalata ta karye.

Wallahi farin ciki na ji. Mun karanta wannan babin, na ci shi a jarrabawa. Limamin da alwalarsa ta karye ba ya ci gaba. Sai ya toshe hancinsa kamar mai haɓo, ya jawo wani daga bayansa ya ƙarasa wa mutane, shi kuma ya fita. Ba wanda yake tare shi. Haƙƙinsa ne.

Na kama hancina da hagu. Na miƙa dama baya.

Yatsuna suka taɓa wani yadi mai sanyi da santsi, kamar bayan tarwaɗa. Hannuna ya ƙi rufuwa a kai. Na matsa gefe. Na taɓa wani hannun riga, busasshe, mai ɗumi, da ɗinkin faci a gwiwar hannu.

Na san rigar. Ba zan rubuta cewa ban sani ba.

Na ja.

Ya ɗan turje, sau ɗaya. Sannan ya tako gaba. Da muka gifta juna ban ɗaga kai ba, amma na ji leɓensa yana motsi, kuma ba da ni yake ba.

Na juya, kaina a ƙasa, hannuna a hanci.

Ramukan ƙafa, bibbiyu bibbiyu, a jere, kowanne cike da ruwa. Na nufi tsakanin biyu. Wani abu mai sanyi ya ɗan karkata ya ba ni hanya. Na wuce. Wani sahun. Jiƙaƙƙen yadi ya shafi kumatuna. Wani sahun.

Goma sha ɗaya na ƙirga kafin na taka ƙasar da ba ta da rami.

A bayana muryar Kawu ta ce, "Allahu akbar."

Na ruga. Takalmi ɗaya ya fita, ban tsaya ba. Na faɗi, ɓawon dodon koɗi ya yanke min tafin hannu, na tashi. Ina isa gangaren bakin dam na ji muryar Kawu, siririya, daga nesa.

"Assalamu alaikum."

Sai faffaɗar muryar nan ta amsa.

Ina zaune a gindin gangaren har ya iso, yana tafe a hankali, riƙe da takalmina. Ya ajiye min shi a gabana. Wandonsa a jiƙe yake har gwiwa.

"Kawu, ni..."

"Sa takalminka. Uwarka tana jira."

Iyakar abin da ya taɓa ce min ke nan a kan maganar.

Na kai wa Dakta hotonsa huɗu, na ce masa sauran aikin ba zai yiwu ba. Na kuma ce maƙogwarona yana ciwo, aka ba wani limancin azahar. Har na gama makaranta watan jiya, a ƙarshen sahun baya nake tsayawa, jikin bango.

Kawu ya bar kwana a gida. Ya kafa bukka a bakin dam, kuma sau biyar a rana yana sauka. An kai masa malamai, an kai masa dagaci. Yakan saurare su da ladabi, in lokaci ya yi ya ce su yi masa uzuri, ana jiransa. Sau ɗaya 'ya'yansa suka kulle shi a ɗaki. Da safe suka tarar da ƙofar a kulle yadda suka bar ta, daɓen ɗakin a jiƙe, shi kuma yana can.

Damina ta sauka tun watan Yuni, dam yana cikowa. Inna takan kira ni duk Juma'a. Da farko ta ce in ya sauka salla, a idon sawu ruwan yake tsaya masa. Bayan sati uku ta ce ƙugu, masunta suna ganinsa daga cikin jirgi, yana ruku'u fuskarsa tana shiga ruwa.

Jiya ba Juma'a ba ce, amma ta kira. Ana ruwa a can, ina jin sa a kan kwanon ɗakinta.

"Mujitaba," ta ce, "kai da ka yi karatu. Ya kai masa ƙirji. Babu wani abu a littattafanku?"

Akwai. In wani ya je ya karɓe shi, kamar yadda ya karɓe ni.

Na ce mata zan duba.