Kifin da Aka Cire daga Motar Tsoho Chunsik

Yammacin da Gwangpil ya shigo da sabuwar motarsa, rabin unguwarmu muna ƙofar gidansu. Fara ce, doguwa, ko ledar kujerun ba a cire ba. Matarsa Yeonsuk ta shimfiɗa tabarma a gabanta, ta jera wainar shinkafa da tuffa, kamar yadda a al'adarmu ake yi wa kowace sabuwar mota kafin ta hau titi. Gwangpil ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tashi ya zagaya yana zuba wa kowace taya giyar shinkafa. Mu kuwa muna ta yabawa da baki, ciki na ƙuna, don kowa ya san halinmu idan maƙwabci ya yi sabon abu.

Rana ta kusa faɗuwa sai Yeonsuk ta dafe ƙirji.

"Baban Narae, kifin! Na baro shi a kasuwa."

Busasshen kifin nan take nufi, wanda ake naɗewa da farin zare a ajiye cikin mota, idonsa a buɗe yana gadi. Ba a kammala hidimar sai da shi. Gwangpil ya waiga gindin kanya, inda tun da safe ya sa aka tura tsohuwar motar babansa don a ba sabuwa rumfa. Ya kira 'yarsa.

"Narae, akwai wani a bayan waccan akwalar. But ɗin ba ya kulluwa, ɗauko min."

Yarinyar ta je ta ɗauko. Kifin ya yi baƙi, zaren ya koma ruwan ƙasa. Tana rufe but ɗin, tsuntsayen da ke kan kanyar suka yi tsit a lokaci guda, har wasunmu suka ɗaga kai.

Tsohuwar motar nan koriya ce. Tsoho Chunsik, baban Gwangpil, ta hannu ya saye ta tun Gwangpil yana makarantar firamare, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Ba ya zuwa ko'ina da ita sai kasuwar Yesan da ziyarar kaburburan kakanni. Amma duk mako sai ya tayar da ita, ya bar injin ya yi zafi, ya zagaya gonaki ya dawo. Yakan canza mata baƙin mai ko ba ta yi tafiyar kirki ba. Yana goge ta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, shi da ba ya iya haɗa kalma biyar da ɗan da ya haifa. Sau ɗaya yaron ya taɓa shiga ya kama sitiyari, ƙofa ta datse masa ƙaramin yatsa, har yau a karkace yake. Tun daga ranar uban ya kafa masa doka, ko inuwar motar kada ya taka. Gwangpil ya girma, ya yi lasisi, ya yi aure, ya haihu, bai taɓa riƙe makullin nan ba. Kishin motar yake yi, ba wani ɓoye-ɓoye, kishi irin na ɗan da ya ga an fifita ƙanensa.

Da tsohon ya faɗi a kan ƙanƙara ya karye a ƙugu, sai ya koma ɗakin ciki ya kwanta, makullin na ƙarƙashin matashinsa. Duk mako sai ya ɗaga murya.

"Gwangpil, ka kira bakaniken ya zo ya tayar da ita?"

"An kira, Baba."

Ba wanda aka kira. Tunda tsohon ya gwammace bare ya riƙe makullin da dai ɗansa, to, ta zauna. Haka ta zauna damina ta wuce, sanyi ya zo ya wuce. Batir ya mutu, tayoyi suka kwanta suka tsattsage, birki ya kama, ɓeraye suka tare a cikin inji. Gwangpil kan wuce ta gefenta ya ga tsatsa na cin gindin ƙofa, ya ji wani sanyi a ransa.

Kashegarin hidimar, da almuru, aka fara jifa. Tsakuwoyi ne ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, ba a kan gida ba, a kan farar motar kawai, wadda ke ƙarƙashin rumfa inda ko ruwan sama ba ya samunta. Gwangpil ya fito da tocila yana zagin yaran unguwa. Babu kowa a titi. Yana tsaye a tsakar gida, motar da ba ta da batir ta yi hon, gajere, sau ɗaya, kamar mai gyaran murya.

Daga nan kullum sai abin ya dawo da zarar haske ya fara janyewa. Shinkafa ta riƙa warin fetur. Aka wayi gari an cika kujerun sabuwar motar da yashi, gilasanta kuwa a rufe. Wata rana Yeonsuk ta leƙa ta taga ta hango mutum zaune a kujerar direba ta koriyar motar. Narae ce, hannuwanta biyu a kan sitiyari, ƙofofi duka a kulle, makulli kuma yana inda yake a ƙarƙashin kan tsoho.

Yarinyar nan mai surutu, wadda muryarta ke riga ta shiga gida idan ta taso makaranta, ta daina magana. Ta daina cin abinci. Gwiwoyinta suka sandare, leɓɓanta suka tsattsage, ta kama wani tari mai kama da injin da ya ƙi tashi. Suka so kai ta asibitin birni, amma tana ganin an buɗe mata ƙofar farar motar ta ƙwalla ihun da aka ji har ƙarshen unguwa. A motar haya aka kai ta. Likitoci suka duba, suka ce ba su ga komai ba.

Gwangpil ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Suka zo suka maƙala wa motar sarƙa. Suna fara ja, Narae da ke kwance a ɗaki ta sandare, numfashinta ya tsaya, fuskarta ta fara baƙi. Yeonsuk ta fito da gudu ba takalmi.

"Ku sake ta! Ku sake ta, za ku kashe min 'ya!"

Suka kwance sarƙar, yarinyar ta ja numfashi. A ranar Yeonsuk ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta hau bas ta je ta ɗauko Malam Pyo, mai korar iskoki.

Malam Pyo ba ya rawa, ba ya tsalle. A zaune yake aikinsa, da ganga da kuge da karatun da ya gada. Dattijo ne mai nawa, irin wanda kafin ya gama gaisuwa shayi ya huce. Ya zagaya koriyar motar a hankali, ya danna taya da babban yatsa, ya leƙa but ɗin da babu komai ciki, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa aka rataya yankakkun fararen takardu a falo, aka kwantar da Narae a tsakiya. Ya jira sai da rana ta sauka bayan dutse, ya fara kiɗa.

Ya daɗe yana karatu. Ɗakin ya yi duhu, ba wanda ya tashi kunna fitila. Sai yarinyar da ta yi kwanaki ba ta iya tanƙwara gwiwa ta tashi zaune, ta harɗe ƙafafu irin zaman maza. Muryar da ta fito daga bakinta ta ƙato ce, mai kauri, a shaƙe.

"Ya isa haka, malam. Ka cika min kunne."

"Wane ne kai?"

"Tambayi masu gida. Na riga wasunsu zuwa."

"A da irinku a tsohuwar tsintsiya da taɓarya kuke zama. Me ya kai ka mota?"

"Wa ke ajiye tsintsiya yanzu?" Ta juya kai wajen taga, inda farar motar ke ƙyalli a rumfa. "Dube ta. Jiya-jiya ta zo. An ba ta waina, an ba ta giya, taya huɗu duk sun sha. An ba ta rumfata. Ni ina gindin bishiya tsuntsaye na yi min kashi a ka, mai ya daskare min a ciki, ɓera na haihuwa a ƙirjina. Duk na haƙura. Sai kuma aka cire kifina aka ba ta. Kifina!"

Tagogin suka girgiza. Yeonsuk ta toshe bakinta da hannu biyu. Malam Pyo ya jawo wata kwalba ya ajiye a gabansa.

"Ka san wannan. In na tura ka ciki na toshe, sai mararraba, a binne ka."

"Tura mana. Da ita za mu shiga."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba. Aikenta aka yi."

"To a ƙona farar."

"Ba za a ƙona ba. Faɗi wani abin."

Gwangpil ne ya kasa daurewa. Ya miƙe, tsoro da haushin shekaru suka haɗe masa.

"Me kuma kake nema a gidan nan? Ka ƙwace min uba tun ina yaro, ban yi magana ba. Yanzu kuma 'yata?"

Dariyar da ta fito daga bakin Narae ba ta da daɗin ji. Ta daɗe, sannan ta yanke.

"Ni na ƙwace? Kai, yaro, ashe har yau ba ka da wayo. Wa ka ɗauka ya datse maka yatsa? Ni ne. Na ga yadda ubanka yake kallonka, ban so ba. Zazzaɓin da ya biyo baya ma ni ne, kuma ban yi niyyar sakin ka ba. Ubanka ya zo rumfa ya durƙusa a gabana, ya ce zai kula da ni iya ransa, ba zan yi tsatsa ba, ba zan ji ƙishi ba, in bar masa ɗansa. Ya ce ba za ka ƙara kusantata ba." Muryar ta yi ƙasa. "Shekara da shekaru yana goge ni, idonsa na kan tagar ɗakinka. Ka ɗauka ban gani ba? Hannu kawai na samu. Ko sau ɗaya bai dube ni yadda yake duban ka ba."

Sai aka ji ƙofar ɗakin ciki tana zamewa a hankali. Tsoho Chunsik ya jawo jikinsa har bakin ƙofa, gumi na zuba, makulli a dunƙule a hannunsa.

"Na cika alkawari har ƙafata ta ƙi," in ji shi. "Saki jikata."

"Kai ka cika. Gidanka bai cika ba."

Malam Pyo ya buga kugen sau ɗaya. "Zaman nan ya ƙare, kai ma ka sani. Faɗi yadda za ka tafi."

Da muryar ta dawo, ta rage kauri.

"Da mota na zo, da mota zan tafi. A mayar min da kifina. A gyara ta ta tashi da kanta, ba turi, ba ja. A kai ni tarin duwatsun da ke kan hanyar dutse, gindin tsohuwar bishiya. Chunsik ne zai tuƙa."

"Ba ya iya taka birki," in ji Malam Pyo. "Ɗansa zai tuƙa, shi yana gefe."

"Wancan?" Idanun yarinyar suka sauka a kan Gwangpil, suka daɗe. "Sau ɗaya. Kuma in ya kankare min giya wajen tuƙi, na fasa."

Narae ta sulale ta kwanta.

Da safe bakanike ya zo, wannan karon kiran gaske. Ya zuƙe ruɓaɓɓen fetur, ya zubar da man da ya zama kamar kwalta, ya kwashe sheƙar ɓeraye, ya haɗa wayoyin da suka gwaigwaye. Aka sa batir da tayoyi, aka saki birki, aka canza robobin da suka bushe. Gwangpil bai je aiki ba. Shi ne mai miƙa sifana, shi ne mai wanki, kuma da hannunsa ya ɗauko kifin daga farar motar ya mayar inda ya same shi. Aikin ya ci kwanaki, yarinya na kwance tana shan ruwa da cokali.

Ranar tafiya, da la'asar sakaliya, Gwangpil ya goyo uban ya zaunar da shi a gaba. Malam Pyo da Yeonsuk suka sa Narae a tsakiyarsu a baya. Tsohon ya buɗe tafinsa, Gwangpil ya ɗauki makullin. Motar ta yi tari, ta sake yi, ta kama. Muna tsaye a bakin titi suka wuce, bayanta ya zauna ƙasa sosai kamar an loda mata buhunan shinkafa.

Yeonsuk ce ta ba mu labarin abin da ya faru da suka hau dutsen. A gindin bishiyar Malam Pyo ya fita ya rataya kifin a reshe, ya zuba giya a kan duwatsu, ya yi gajeren karatu. Iska ba ta motsi, amma kifin ya juya a kan zarensa ya ba su baya. Motar ta yi ƙara, bayanta ya ɗaga. Tsakuwa ɗaya ta gangaro daga saman tarin ta tsaya.

"Mama," in ji Narae da muryarta ta kullum, "yunwa nake ji."

Yeonsuk ta rungume ta tana kuka. A gaba kuwa uba da ɗa suna zaune, kowa na kallon gilashi, inji na aiki a hankali. Gwangpil ya rasa ta inda zai fara.

"In mun isa gida zan mayar maka da makullin, Baba."

"Ka cika taka kuloci," in ji tsohon.

Sai ya miƙa hannu ya ɗago na ɗansa daga kan sandar giya, ya juya shi, ya kama karkataccen yatsan.

"Yana ciwo har yanzu?"

"Sai lokacin sanyi."

"Na sani," in ji Tsoho Chunsik. "Ina ganin yadda kake cusa shi a aljihu."

Bai saki hannun ba. Sai da Malam Pyo ya yi gyaran murya daga baya, ya ce duhu na yi, sannan Gwangpil ya share idonsa da kafaɗa ya kunna fitila.