Wanda Bai Ci Kunafa Ba

Da hantsi Sufeto Ghassan Tarawneh ya haura benen wani ƙaramin kamfanin manhaja a unguwar Jabal Amman, yana haki yana tsine wa matakala.

Mai kamfanin, Abu Laith, ya tare shi tun a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, an kwafe rumbunan ajiyar aikinmu bakwai, an goge su kaf! Kuma da lambar sirrin Rand aka shiga. Yarinyar da na ɗora bisa kowa!"

Rand na rakuɓe a lungu, idanunta sun yi jajir. Ga ɗan sanda tsaye a kanta da ankwa, umarni kawai yake jira.

"Me kuka rasa?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ko layi ɗaya, yallaɓai. A da kowace manhaja da rumbunta, ta asibiti daban, ta kantin magani daban. In an gyara nan, can ya ɓaci. Makon jiya na tattara su a babban rumbu guda. Waɗanda aka goge tsofaffi ne."

Sufeto ya ji wani daɗi ya ratsa shi har ƙafa. Shi fa ba ya gane harkar kwamfuta, amma ɓarawo ya san shi sarai.

"Ke kika kwashe kayan, sannan ki koma ki fasa ɗakin da babu komai? Haba! Wa ya san an yi ƙaurar nan?"

"Kowa," in ji Abu Laith. "Faranti guda na kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, na sayo ranar don murna, har da mai gadi ya ci."

Sufeto ya sa aka riƙa shigo masa da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, tambayarsa guda: ina manhajar asibiti take? Duk wanda ya shigo sai ya ce babban rumbu, wani ma har da kallon raini.

Na ƙarshe Basil ne, tsohon hannu a kamfanin, fuskarsa ta ƙone da rana. Shigowarsa ke nan daga hutu.

"Ina manhajar asibiti take?"

"Ai ta tafi, yallaɓai," ya ce yana girgiza kai. "A rumbunta take, Rand ta goge. Allah ya shirye ta."

"Ikon Allah! Kunafar ta yi daɗi?"

"Wace kunafa?"

Sufeto ya buga tebur, ya miƙe yana dariya.

"Ina kake makon jiya?"

"Aqaba, bakin teku. Ban ko taɓa kwamfuta ba."

"Wa ya saita wa Rand kwamfutarta da lambar sirrinta da ta zo aiki?"

Abu Laith ne ya amsa daga bakin ƙofa: "Shi ne."

"To buɗe jakarka mu gani."

Da aka kunna kwamfutar Basil, sai ga tsofaffin rumbunan nan bakwai reras. Gumi ya karyo masa.

"Ni na koya mata aikin nan," ya ce. "Aka wayi gari ita ke ba ni umarni. So na yi a kore ta, ni kuma in fito da kwafin in ce na ceci kamfani."

"Ka ceci bola dai," in ji Sufeto. "Ku tafi da shi."

Rand ta fashe da kukan murna. Ankwar da aka kawo dominta, ita aka ɗaura wa Basil.