Ɗan da Aka Ba Uwani Reno

Ku matso nan. Kai Sallau, kashe wayar nan, in ba haka ba na kama bakina. Yauwa.

Gidan da na zauna lokacin ina jami'a tsohon gidan gandu ne, Gidan Ɓaidu ake ce masa. Da can zuri'a guda ce a ciki, kakanni da jikoki, ga turke, ga rijiya, ga rumbuna. Da tsofaffin suka ƙare, magada suka sayar suka watse birni. Aka rushe zaure, aka shafe tsakar gida da siminti, aka yanka ɗakuna, aka zuba mu 'yan mata ɗalibai. Mabuɗi kawai aka miƙa mana. Ba wanda ya ce mana akwai waɗanda ba su tashi ba.

Ɗaki ɗaya muke da Uwani. Yarinya mai fara'a, ga kai. Ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a, kuma jarrabawar ƙarshe ta rage mata ta fita.

Ran nan dab da magariba ta dafa mana taliya. Ta ɗauki tukunya ta nufi lungun bayan ɗaki, inda simintin ya ɗan yi tudu, ta tsiyaye ruwan. Yana tafasa fa. Sai muka ji kukan jariri. Sau ɗaya, ya ɗauke.

"Ladidi, kin ji?" in ji ta.

Na ce mage ce. Wallahi har zuciyata na ɗauka mage ce.

Washegari da azahar, kowa ya tafi aji, mu biyu ne a gida. Aka yi sallama. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. Wata mata ce a bakin ƙofa, doguwa, da zanen saƙi irin na da. Ta rungume yaro a cikin tsumma.

"Wace ce ta zuba ruwa jiya?"

Uwani ta ce, "Ni ce, Inna. Lafiya?"

"Ba ki ce a kauce ba."

Ni ina zaune a katifa, idona ya sauka ƙasa. Matar tana fuskantarmu, amma dugaduganta ne a gaba. Yatsun suna kallon waje. Na buɗe baki in ce Uwani kada ki matsa, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ko a'uzu ta ƙi fita.

Matar ta ce, "Bayansa ya saluɓe. Ba ya kwantuwa. Hannuna ya gaji, riƙe min shi."

Kun san Uwani da tausayi. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Ranar da ya warke zan zo in ɗauka."

Ta juya ta shiga lungun nan, lungun da ba shi da ƙofa. Na dubi hannun Uwani, ba komai a ciki. Amma hannuwan suna nan a lanƙwashe a ƙirjinta, tana jijjigawa.

"Ladidi," ta ce a hankali, "da nauyi."

Ba abin da ba mu yi ba. A asibiti suka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Malamai suka yi ta karatu har muryoyinsu suka dushe. Yayyenta maza suka taru su miƙe hannun, sai ta fasa ihu wai za su yar da shi. Ni nake ba ta abinci a baki. Ranar jarrabawa na raka ta har zaure, na tura mata biro tsakanin yatsu, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Tana zaune tana hawaye har aka karɓe takardu. Ban taɓa jin ba ni da amfani irin ranar ba.

Da ƙyar muka gano wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda aka haifa a gidan. Tana jin labarin ta dafe kai.

"Gindin babban rumbu ke nan. Nan suke shimfiɗe 'ya'yansu. Duk amaryar da aka kawo gidanmu, abin da ake fara koya mata ke nan: ki yi bisimilla, ki ce a kauce ga zafi."

Mahaifin Uwani ya durƙusa. "Iya, a taimake mu. Ba magani?"

"Da akwai. Ɓawon tsamiyar tsakar gida ake shafa wa yaron nasu."

Na ce, "Iya, ai babu tsamiya. Tankin ruwa ne a wurin."

Sai Iya ta ce Allah ya kawo sauƙi, ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Da sallar bara na je gaishe da Uwani a gidansu. Tana zaune a tabarma, ta rame, ta ranƙwafa, tana jijjiga. Na ce Uwani, ya jikin yaron, ya fara warkewa? Ta ɗago ta dube ni.

"Bai warke ba, Ladidi. Girma yake yi."

To kun ji. In hanya ta bi da ku ta Gidan Ɓaidu, kada wanda ya shiga lungun nan shi kaɗai. In baƙuwa ta miƙo muku yaro, ku fara duban ƙasa. Ke kuma Kande, ina za ki da butar shayin nan? Dawo da ita. Bari ruwan ya huce tukuna.