Wurin Baba

Ranar da abin ya fara, magariba ce irin ta kullum. Mai gidan ya dawo daga aiki, ya rataye usur ɗinsa a ƙusa, ya zauna bakin ɗaki yana matsa ƙafafunsa. Matarsa tana hura wuta. 'Yarsu tilo, wadda ta fara zama budurwa, tana kwashe shanya. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin ɗaki. Aka ce yaran maƙwabta ne. Wani dutsen ya biyo baya, shi kuma ya sauko tsakar gida a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Daga nan babu wanda ya sake ambaton yara.

Mutumin nan shi ne mai kula da fakin a babban lambun shaƙatawa na gari, wanda ake zuwa kallon namun daji. Duk motar da ta shigo, shi zai nuna mata inda za ta tsaya, yana tafe da baya yana "Zo, zo, zo, ya isa!" Har sunan ya bi shi, kowa Ya-Isa yake ce masa. A ƙarshen filin akwai wata tsohuwar tsamiya, ita kaɗai ce inuwa a wurin. Shekara da shekaru yana tare gindinta da tsohuwar taya, duk direban da ya nufo ta sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "A'a, wurin Baba ne." Ƙarya yake yi. Mahaifinsa ya daɗe a ƙasa, ko keke bai bari ba. Inuwar yake keɓe wa kansa.

Jifa ya zama na kowace magariba. Da rana ta faɗi, gidan sai ya yi tsit, kaji ma su daina motsi. Can sai a ji wata murya daga bayan randa, tsohuwa, mai kaushi, tana cewa "Zo, zo, zo," amma ba ta taɓa cewa ya isa ba. Yarinyar ta daina cin abinci. Ta koma tafiya da baya-da-baya a tsakar gida har sai ta bugi bango. In mahaifinta ya shigo, sai ta juya masa ƙeya, tana huci irin na wanda aka ci amanarsa. Uwar ta rame don kuka. Shi kuwa Ya-Isa, mutumin da yake tsayar da manyan motoci da tafin hannu, ya kasa tsayar da 'yarsa.

Aka kira wani malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma ya jira rana ta yi ja, sannan ya sa aka riƙe yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Duhu ya fara cin kusurwoyin ɗakin. Sai jikinta ya sandare, ta buɗe baki, muryar nan ta bayan randa ta fito.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ɗana ne ya wulaƙanta ni."

Malam ya ce, "Ba ka da ɗa a gidan nan."

"Tambaye shi! Ina zaune a tsamiyar nan tun wurin yana daji. Ban taɓa haihuwa ba. Aka share fili, motoci suka cika mini kunne, na ɗaure kayana zan tashi. Sai na ji yaron nan yana korar mutane yana cewa wurin Baba ne. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai ni. Na zauna. Ni nake kare shi daga masu ribas ba su duba ba. Ni nake kaɗa masa iska in ya yi gyangyaɗi."



Muryar ta ci gaba, tana rawa. "Ranar da mutane suka yi yawa, layin motoci har titi, aka kawo wani tsoho mai sanda a mota mai sheƙi. Da hannunsa yaron nan ya janye tayar. Ya buɗe masa ƙofa, ya riƙe masa hannu. A gabana, a inuwata, ya ce masa, 'Baba, ga wurinka.' Me tsohon nan ya fi ni? Furfura? Na girmi kakansa!"

Ya-Isa ya ce, "Wallahi tausayi ne. Ba ya iya tafiya, fili kuma ya cika. Ni ban ma san kana nan ba."

Da ma bai faɗi wannan ba, don ta fi laifin farko ciwo.

"Ba ka san ina nan ba," in ji muryar a hankali. "Duk shekarun nan."

Malam ya ce, "Ka ji da kunnenka. Kuskure ne, ba alkawari ba. Ka ji tsoron Allah ka fita, ko in ci gaba."

"Zan fita. Tsamiyar ma na bar masa, ya zuba motoci har sama. Amma sunan da ya ba ni ya ƙwace ya ba wani, shi ma ba zai ƙara jinsa daga bakin yarinyar nan ba."

Malam ya ɗaga hannu zai ce ba a sharaɗi da aljanu, amma Ya-Isa ya riga shi. Gani ya yi abin da arha, kalma ce kawai.

"Na yarda! Ka sakar mini 'yata."

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, ba tare da iska ba. Malam ya naɗe tabarmarsa, ko kallon mai gidan bai yi ba.

Can ta buɗe ido, idonta na da, mai haske. Ta ga uwarta ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Uwar ta rungume ta tana kuka tana hamdala, yarinyar tana ta "Umma, Umma," kamar ba za ta daina ba. Ya-Isa yana durƙushe a gefe, yana jin kowace ɗaya a ƙirjinsa, yana jiran tasa. Bai taɓa sanin mutum zai iya kishin matarsa a kan 'yar da suka haifa tare ba.

Ta juyo ta dube shi. Ta gane shi sarai, har ta yi murmushi. Leɓɓanta suka haɗu, suka rabu, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sannan ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta ce wa mahaifinta, "Sannu da aiki, Malam."