Hannun Majemi

"Rifkatu! Fito da kujerar nan ki zuba mata omo!"

Mama Lami ce tsaye a tsakar gida, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya toshe da hanci. Ko ƙarar keken Iliya ba ta gama ɓacewa daga lungu ba. Lahadi ce da yamma, a unguwar Birged ta Kano, shekarar 1984.

"Haba Mama! Minti nawa ya yi a kanta?"

"Ko sakan ɗaya ne! Mutum ya shigo gida ƙudaje na yi masa rakiya sai ka ce ango? Ni ba zan haɗa zuri'a da majemi ba, kin ji na faɗa miki!"

To, gaskiya dai ba a ƙi ta: Iliya yana wari. A kamfanin jima na Challawa yake aiki, kuma a sashen da ya fi ko'ina tsanani, inda ake jiƙa ɗanyun fatu a kankare musu gashi. Wanka uku yake yi ranar Lahadi, ya zuba turare har ya yi tari, amma ina! A majami'a duk bencin da ya zauna sai ka ga maza suna matsawa a hankali, kowa ya ƙura wa littafin waƙa ido. Ita kuwa Rifkatu a kamfanin alawa na Bompai take naɗe minti, kullum ƙamshi take dawowa da shi gida. Shekara biyu suna tare, har Baffa Ayuba, ƙanin marigayi mahaifinta, ya karɓi kayan gaisuwa: goro, gishiri da atamfa turmi biyu.

"Ni ce shugabar Zumuntar Mata," in ji Mama Lami, "a ce surukina majemi? Na aika wa Baffanki. Lahadi mai zuwa ana tashi daga sujada zai zo ya kwashe musu tarkacensu ya mayar."

Hawaye suka zubo wa Rifkatu, masu zafi. Ta share da gefen zani ta ɗago kai.

"Mama, kujera zan wanke, don ku kuka sa ni. Amma Iliya ba zai wanku daga zuciyata ba, ko da omon Kano duka."

"Iye! Ni kike mayar wa magana?"

"Ban mayar ba. Na dai faɗa ne don kada ku ce na ɓoye muku."

Ranar Laraba tana tashi daga aikin safe ta hau bas biyu har Challawa, ta tsaya a bakin get cikin rana. Can sai ga Iliya ya fito da takalman roba har gwiwa, yatsunsa duk sun tsattsage. Yana ganinta ya ja baya taku biyu, kamar yadda ya saba yi wa kowa.

"Matso nan, malam! Ni ba 'yan bencinku ba ce."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Na ji komai, Rifkatu. Zan ajiye aikin. An ce ana neman masinja a Sharada."

"Never! Aikin da ka rufa wa tsohuwarka ɗaki da shi? Sata ka yi?"

"Ban yi ba. Amma na gaji. Har na fara tunanin ko addu'ata ma toshe mata hanci ake yi a sama."

Maganar ta soke ta. Ta zaro ɗan ƙaramin Sabon Alkawari daga jakarta, gefensa duk ya yi danƙo da sukari.

"Jiya lokacin hutu, ina zaune bayan injin ina kuka, na buɗe wannan. Ka san inda idona ya faɗa? Inda manzo Bitrus ya je wani gari ya yi kwanaki. Ka san gidan wa ya sauka? Gidan majemi! Can ya ci, can ya kwana, can ya yi addu'a aka amsa masa. Na kwashe da dariya har sai da forman ya harare ni. In Allah bai toshe hanci a gidan can ba, a kanka zai fara?"

Iliya ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Kuma zan gaya wa Mama zancen Littafin Baba," ta ƙara.

"A'a, please! Ba don in saye ta na yi ba."

"Kai ka ce kada in faɗa. Ni ban taɓa cewa to ba."

Ga yadda zancen yake. Mahaifin Rifkatu mai bishara ne, kuma abin da ya bari mafi daraja shi ne tsohon Littafi Mai Tsarki da rubutun hannunsa a gefen shafuka. Daminar bara ɗaki ya yi yoyo, bangon ya ruɓe, takardu suka fara zubewa. Mama Lami ta yi kuka kamar ranar jana'iza, ta ba Rifkatu ta kai wa masu gyara a kasuwa. Ita kuwa sai ta kai wa Iliya. Ya sayi fatar akuya, ya jeme ta da bagaruwa a bayan ɗakinsa, ya rine ta ja, ya ɗinke shafi bayan shafi har mako biyar. Tun daga ranar Littafin bai rabu da Mama Lami ba. A ƙirji take rungume shi zuwa zumunta, a ƙarƙashin matashinta yake kwana.

Lahadi ta zo. Baffa Ayuba ya shigo yana jan ƙafa, don shi abin bai kwanta masa ba. Kayan gaisuwa na tsakar gida a ɗaure. Mama Lami ko kallabin zumunta ba ta cire ba, Littafin na rungume a ƙirjinta.

"Lami, a sake dubawa mana," in ji Baffa. "Yaron nan ba ya sha, ba ya fashin sujada—"

"Na gama magana! Duk abin da ya fito daga hannun majemi ba zai ƙara kwana a gidan nan ba!"

Rifkatu ta tashi ta tare bakin ƙofa.

"Duk abin da ya fito daga hannunsa, Mama?"

"Duka!"

"To Baffa, ku haɗa da wanda ke ƙirjinsu."

Mama Lami ta zaro ido.

"Me kika ce?"

"Ban kai shi kasuwa ba. Iliya ne ya jeme fatar, shi ya rina, shi ya ɗinka har mako biyar. Da waɗannan hannuwan da kuke wanke kujera saboda su. Shekara guda kuna sa fuskarku a kai kuna addu'a, kun taɓa jin wari? Ku ne fa kuka koya mana Ubangiji zuciya yake dubawa. In ƙarya ne ku faɗa mini yau, in daina zuwa zumunta in huta!"

"Rifkatu!" Baffa ya daka mata tsawa.

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ku yafe mini. Ba zan gudu ba, ba zan yi aure ba da albarkarku ba. Amma ko shekara goma ce zan jira, kuma shi zan jira."

Mama Lami ta sauke Littafin daga ƙirjinta kamar yau ta fara ganinsa. Ta shafa ɗinkin, ƙanana, a jere, babu wanda ya kauce. Ta buɗe ta ga rubutun mijinta, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. A hankali ta kai shi hancinta. Sai kawai ta zauna daɓas a kan turmi ta fashe da kuka.

"Mako biyar, kuma bai taɓa faɗa ba? Ina zaginsa yana durƙusa mini?"

Ta fyace hanci ta harari Baffa.

"Kai kuma me kake jira? Mayar da kayan nan ɗaki! Ke, je ki ce masa ya zo. Amma ya yi wanka huɗu!"

Da yamma Iliya ya zo, ya nemi ƙasa zai zauna. Mama Lami da kanta ta shiga ta ɗauko kujerar marigayi, wadda ba a taɓa bari kowa ya hau ba, ta dire masa.

"Zauna, ɗana. Wannan ba za a wanke ta ba."

Watan Disamba aka ɗaura aure, matan zumunta suka yi rawa har kallabi na faɗuwa. Haƙuri bai taɓa ba mai shi kunya ba, kuma kada ka raina hannun da ke neman halal don ya yi datti. Wataƙila shi ya ɗinka abin da kake rungume da shi.