Ruwan Gishiri a Bayan Ɗakin Inna

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Ramla ta fito da buta a hannu, ta nufi bayan ɗakin Inna. Aikin minti biyar ne: ta kafa ƙarfe a ƙasa, ta zuba masa ruwan gishiri, ta ɗaura waya, shi ke nan.

Kwana uku ke nan tana fama da haɗa kwamfuta, ita da ko cikin rediyo ba ta taɓa leƙawa ba. Ba son gwaninta ya kai ta ba. Yayanta Sulaiman ya ɓace a Khartum tun farkon yaƙi, babu gawa, babu labari. Abin da ta tsira da shi daga ɗakinsa shi ne faifan ajiyar kwamfutarsa, ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki, ta ɓoye shi cikin tufafinta har ƙauyensu na Hausawa kusa da Abu Hujar. A ciki akwai bidiyon ranar da ya gama jami'a, yana magana, yana dariya. Duk faɗin duniya nan ne kaɗai muryarsa ta rage.

Mahaifiyarsu kuwa, Inna Mairama, tana kwance. Kwana huɗu ko kunu ba ya wucewa, idanun ma sun daina gani sosai. Ba ta neman magani. Magana ɗaya take maimaitawa: "In ji muryarshi dai, ya bitti, ɗiyata. Sau guda."

Ramla ba ta yarda ta aika faifan a mota ba, don abin da ya hau hanya a kwanakin nan ba shi da tabbas. Sai Maliki, abokin Sulaiman mai gyaran kwamfuta a Damazin, ya aiko mata da tsofaffin sassan kwamfuta cikin kwali, yana koya mata ta waya duk lokacin da layi ya ga dama. Ta shimfiɗa su bisa tabarma a ɗakin Inna. Ta ɗaure madabod da notuna shida, ta zaunar da furosesa tana riƙe numfashi, ta danna ram har ya ce ƙas. Gefen akwatin kwamfutar ya yanke ta sau biyu. Da ta jona da batirin solar gidan, ta taɓa akwatin, sai wuta ta fizge mata hannu.

"Kada ki sa faifan haka," in ji Maliki. "Kahraba, wutar lantarki, na yawo a jikin akwatin, tana iya ƙone shi. Ki yi mata hanyar sauka. Ƙarfe a ƙasa mai danshi, gishiri, ruwa, waya. Halas, shi ke nan."

Ƙasa mai danshi a tsakiyar rani, wuri ɗaya ce a gidan: kusurwar bayan ɗakin Inna, inda ba a shara, ba a ɗaure akuya, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili. Gishirin kasuwa kuma dunƙule ne, ya ƙi narkewa, sai ta ɗora shi a wuta ya tafasa.

To, kowace yarinya a garin nan, tun kafin ta iya tuƙa tuwo, an ja mata kunne: ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa babu bisimilla, da magariba kuwa ba a zubar da shi sam. Ramla ta sani. Amma batirin ba ya kai isha, numfashin Inna kuma ya fara yin sama-sama. Mai gaggawa irin wannan ba ya tuna jan kunnen kaka.

Ta buga ƙarfen da dutse. Ya shige da sauƙi, kamar ana jan sa daga ƙasa. Ladan ya ɗaga murya. Ta karkata butar.

Ƙasa ta yi cuuu. Tururi ya tashi. A cikin tururin wani abu ya yi ƙara, siririya, gajeriya, ta yanke a tsakiya.

Kwaɗin bakin kogi suka yi tsit gaba ɗaya. Sai warin ƙonannen gashi.

"Ɓera ne," ta ce wa kanta. Ta ɗaura wayar, ta zura ta ta taga, ta koma ciki da sauri.

Ta ɗaure ɗaya bakin wayar a jikin akwatin, ta jona faifan, ta danna maɓalli. Fanka ta juya. Allon ya kawo haske. Hawaye suka zubo mata, don ba ta taɓa yin abin da ya yi aiki irin wannan ba. Ta nemo bidiyon, ta buɗe.

Ga Sulaiman cikin rigar kammala karatu. Bakinsa na motsi. Babu sauti.

Ta murɗa sifika har ƙarshe. Abin da ya fito numfashi ne, a hankali, mai nauyi. Ƙamshin turaren wutar ɗakin ya ɓace, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya maye gurbinsa.

"Kin ƙona mani ɗa."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, da tsohuwar Hausa irin ta kakanni, ko kalmar Larabci ɗaya babu.

"Shina shan ruwa kinka zuba mai. Maƙoshinai ya sale. Ko kuka ba ya iyawa."

Ramla ta fara Ayatul Kursiyyu. Muryar ta saurara har ta kai ƙarshe.

"Mu ma muna salla, ɗiya. Tare da kakanninki munka taho wanga wuri. Hakki nika biɗa."

"Ban sani ba," Ramla ta ce da raɗa. "Wallahi ban sani ba."

"Kin sani."

Gaskiya ce.

"Murya kinka ɗauke, murya za ki biya. Ga wata nan cikin ƙarfenki. Ke da kanki kinka ja mani igiya."

Wayar ta motsa a kan taga. Ta miƙe, ta ɗaure. Faifan ya fara ƙas, ƙas, ƙas.

Batirin ya yi kukan gargaɗi.

Inna ta juyo da kai daga kan gado. "Ramla? Shi ne?"

Ramla ta kai hannu za ta tsinke wayar.

"Tsinke," in ji muryar. "Rabin muryar na hannuna."

Ta tsaya. A allon, Sulaiman yana dariya babu sauti, yana ɗaga hannu.

"Ramla, ban ji komi ba."

Ta dubi uwarta. Ta dubi wayar. Tsoro ya cika ta har tana jin fitsari, amma ta damƙe wayar da hannu biyu.

"Bar muryarshi," ta ce. "Ɗauki tawa."

Sanyi ya hau hannunta. Ya wuce kafaɗa. Ya tsaya a maƙogwaro.

Bakinta ya cika da ɗanɗanon ƙasa da gishiri.

Aka ja. Wani abu ya zare daga wuyanta kamar zare daga zane. Ba a daina ja ba. Numfashinta ya bi baya. Ɗakin ya fara duhu.

Ta tokare bango da ƙafa, ta fizge. Fatar tafinta ta zauna a jikin wayar.

"Inna! Ga ni nan, Inna, na gama! Kin ga rigar?"

Muryar Sulaiman ta cika ɗakin, da dariyarsa mai shaƙewa. Inna ta ɗaga hannuwa biyu tana laluben iska, tana kuka, tana amsa masa kamar yana bakin ƙofa. Sau uku Ramla ta maimaita mata bidiyon da yatsu masu jini kafin batirin ya mutu.

A cikin duhun, Inna ta nemo kan 'yarta ta dafa. "Allah shi yi maki albarka, ya bitti. Allah shi ba ki ɗiya masu jin ƙanki." Ta saurara. "Ki ce amin mana."

Ramla ta buɗe baki. Iska kawai ta fito.

Daga bayan bango, ta wajen kusurwar, wani ɗan ƙaramin yaro ya ce, "Amin." Da muryar Ramla ya faɗa, sak.

Inna ta yi murmushi, ta rufe ido.

Bayan kwana biyu aka yi jana'izarta. Likitan Damazin ya duba maƙogwaron Ramla, ya ce bai ga ciwo ba. Yanzu ita ke gyara wayoyi da kwamfutocin ƙauyen, tana rubuta wa mutane amsa a takarda. Da rana ta karkata takan rufe tagar ɗakin, ta toshe kunnuwa, don a lokacin ne yaron ke fitowa wasa a bayan bango, yana kiran Inna.